Gashin Layya Biyar na Gwaggo

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, aka kai ta makwancinta kafin la'asar, ni kuwa ina cikin kar, babbar motar fasinja, tsakanin Tawa da Abalak lokacin da ake zuba mata ƙasa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na faɗa a hanya, na sake faɗa, amma maganar ba ta sauka a zuciyata ba sai washegari, da na shigo gidanmu na tsohon gari na tarar takalman mata sun cika ƙofar ɗakinta.

Yayar mahaifina ce. A gidanmu ta yi shekarunta na ƙarshe, cikin ɗakin da ke kusa da garken awaki, don ba wanda ya so ɗakinta kusa da nasa saboda warin gashin tumaki. Wannan warin shi ne abu na farko da na nema da na shiga, ban same shi ba. An share, an yi turare, an shimfiɗa tabarmi sababbi.

Masu gaisuwa sun yi ƙoƙari, ban ce ba su yi ba. Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda ta yi shekaru tana toshe hanci da gefen mayafi in za ta wuce ƙofar Gwaggo, ita ta fi kowa kuka. "Wayyo mai hannun albarka! Wa za ya yi ma jikokinmu hular sanyi?" Wata tsohuwa ta rantse Gwaggo ba ta taɓa faɗa da kowa ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata, domin Gwaggo ta yi faɗa da majemi, ta yi da mahaifiyata, ta yi da mai kawo ruwa, kuma in ranta ya ɓaci ko akuya ba ta ƙyalewa. Ɗan kawuna mai aiki da wata ƙungiya ya tsaya a tsakar gida da tabarau, yana girgiza kai yana cewa, "C'est tout un patrimoine, gadon kakanni ne ya tafi." Ko sau ɗaya bai taɓa zama kusa da ita ya ga yadda take yi ba. Da ya zauna, da ya san ba gadon kakanninmu ba ne, daga wata ƙasa ta ɗauko shi.

Da na fita zaure in gaida Yaya, ɗanta ɗaya tilo, na same shi ya rame, ƙurar wurin haƙar zinariya ba ta gama fita daga rawaninsa ba. Na ce masa ya haƙuri, ya amsa, sai ya riƙe hannun rigarsa yana kallon ƙasa.

"Kin san mi ke cina?" ya ce. "Bargon nan da ta yi ta cewa za ta yi mini. Shekara da shekaru tana faɗi. Har ta tafi ban gan shi ba. Tsufa ne, ina jin mancewa ta yi."

Ba ta mance ba. Ni na hallaka bargon nan da hannuna shekara shida da suka wuce, ba wanda ya sani sai ni da ita, kuma ban taɓa buɗe baki na ce ta yafe mini ba. Da aka kira ni a salula aka ce jikinta ya yi tsanani, abin da na shiga kar in zo in faɗa ke nan. Shi ya sa nake wannan rubutu, don a san wace ce ita, a kuma san abin da na yi mata.

Aure ne ya kai Gwaggo yamma tun tana budurwa, can bakin kogi cikin Zabarmawa, inda ake kiwon wasu tumaki masu gashi mai laushi a nannaɗe. Surukuwarta ta koya mata kaɗa shi. Da mijin ya rasu ta dawo Agadas da ɗanta, da mazari guda, da Zabarmancin da take zagi da shi in ba ta son a gane. Ta dawo garin da tumakinsa ba su da abin kaɗi. Gashin tinkiyarmu gajere ne mai tsauri, ko ka kwana murza shi ba zai riƙe juna ba. Wata da ta haƙura ta koma auduga. Gwaggo ta ce auduga aikin masu zama ne.

Sai ta gano ragunan arewa, waɗanda direbobi ke ɗorowa bisa kamiyo, manyan motocin kaya, daga Libiya su biyo da su ta Dirku gab da Layya, masu kuɗi su saya don a gani. Waɗannan suna da gashi har ƙasa. Ta fara zuwa da almakashi kafin salla, aka kore ta, malamai suka ce ba a son a aske ragon layya kafin yanka. Ta ce to, ta ji. Ranar salla, lokacin da kowa hankalinsa na kan nama da itacen gasa shi, sai ga Gwaggo gida gida da buhu a kafaɗa, tana roƙon a ba ta fatar ta aske kafin a kai wa majema. Sunan da aka sa mata ke nan, wanzamar raguna. Ba ta taɓa jin haushin sunan ba.

"Ni waɗanda nike ma aski ba su motsi, ba su ƙorafi," take cewa. "Ku je ku tambayi wanzamin unguwa in ya taɓa samun irinsu."

Majemin ne ya taɓa tare ta a ƙofar gida, ya ce almakashinta na huda masa fata. Ta shiga ta fito da fatar da ta gama askewa, ta ɗaga ta a rana, ta ce ya nuna mata huda ɗaya ta cinye fatar ɗanye a gabansa. Ya juya, ya juya, bai samu ba. Wata uku ba ta amsa gaisuwarsa ba, amma da matarsa ta haifi bakwaini cikin tsananin ɗari, da sassafe ta aika da hula da safa ƴan ƙanana, ta ce kada a faɗi daga inda suka fito. Kamar akwai wani mai yin su a garin ban da ita.

Gashin da take samu kashi biyu take yi masa. Na ciki da na ƙafafu, mai kaushi, shi take kaɗawa ta yi huluna da safa. Na gadon baya da kafaɗa, fari mai tsawo, ba ta taɓa shi. Sai ta zuba a buhu da busasshen ganyen dogon yaro saboda asu, ta rataye. Wannan na bargon Yaya ne. A lokacin yana tuƙi a hanyar Bilma, kuma duk wanda ya kwana a hamadar Tenere cikin watan sanyi ya san abin da take tsoro. Ta ce ba za ta kaɗa ba sai ya isa gaba ɗaya, don gashin rago ɗaya ba ya kama da na wani, sai an gauraya su duka sannan bargo zai fito launi guda. Har ta shirya da wani tsohon masaƙi a bayan kasuwa, shi kaɗai ya yarda zai ɗora irin wannan zaren. Layya biyar ta yi tana tarawa.

A shekara ta biyar ɗin na gama lakwal, makarantar aikin jinya, na dawo gida ina jiran a tura ni wurin aiki. Zaman banza ya ishe ni. Wata rana da hantsi na tsaya ina kallonta tana kaɗi a tsaye, mazari na lilo a ƙasa kusa da idon sawunta, hannunta na sama yana sakin gashi kaɗan kaɗan. Masu kaɗin auduga a zaune suke yi, mazari na juyawa cikin ƙoƙo. Ita murza shi take a cinya ta sake shi a iska, tana yawo a tsakar gida tana duba tukunya, zare na fita. Na ce ta koya mini. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Da waɗanga faratan?"

Na yanke su a ranar.

Ta fara ni da tsifa. Kwana huɗu ina zaune ina warware gashi da yatsu, ina cire ƙaya da kashin rago, hannuna duk maiƙo. In na yi sauri ta ce, "Kitson kishiyarki kike tsifewa?" ko da yake ko miji ba ni da shi. Da ta ba ni mazari, faɗuwa ya yi ta yi. Duk faɗuwa sai ta ce, "Ya gaji da ke," ba tare da ta ɗago ba. Zarena na farko wani wuri kamar yatsa, wani wuri kamar zai tsinke da numfashi. Ta ɗaga shi ta nuna wa mahaifiyata, ta ce a zo a ga hanjin akuya. Na yi fushi na ajiye, ta bar ni, washegari na tarar ta ajiye mini mazarin a kan takalmina.

"Ba ke ke kaɗi ba, ɗiyata," ta ce. "Shi ke yi. Ke dai ba shi abinci daidai bakinshi. Kin cika mishi baki ya shaƙe, kin hana shi ya yanke."

A wata na biyu hannuna ya faɗa. Ban san ranar ba, kawai na ga na yi tsawon tsakar gida mazari bai taɓa ƙasa ba. Gwaggo ta ja zaren tsakanin yatsunta, ta kai shi kusa da ido, da rana kuma ta ba ni dabinon Bilma daga cikin wanda take ɓoyewa. Saura abu ɗaya, in ji ta: haɗa zare biyu su zama ɗaya, don silli ɗaya nannaɗewa yake a kan kansa, ba ya saƙuwa. Ta ce za ta je suna Dabaga kwana uku, in ta dawo za ta nuna mini, sannan mu sauke buhunan Yaya mu kaɗa tare.

Na ji daɗin wannan "tare" ɗin har ya ɗauke mini hankali. Na ce bari in ba ta mamaki, ta dawo ta tarar an rage mata aiki. Na taɓa ganin tana jiƙa gashi a kwano da ruwan randa, ta bar shi ya kwana, ta tsame a hankali ba cuɗawa, kuma a raina na ce wannan wankin tsofaffi ne. Ni da aka koya wa cewa duk abin da ya fito daga jikin dabba sai an tafasa. Mutanen gida sun tafi biki, na sauke buhu biyar ɗin, na ɗora babbar tukunya, na zuba garin sabulu. Na juye gashin a baho, na kwarara ruwan zafi, na cuɗa yadda ake cuɗa zanen auduga. Da ya huce kaɗan na shiga da ƙafa na tattake. Ruwan ya fita baƙi, na ji alfahari. Na ɗauraye da ruwan sanyi, na shanya a kan soro.

Da yamma na hau in juya shi, sai ya tashi gaba ɗaya a hannuna, falle guda, mai kauri kamar tabarma. Na ja, bai rabu ba. Na sa mataji, haƙoran matajin suka karye.

Gwaggo ta dawo da rumman a ƙunshe cikin mayafi. Na kai ta soro don ba ni da wata dabara. Ta durƙusa, ta shafa, ta sa farce ta nemi silli ɗaya. Ta koma wani gefen ta sake nema. Ta daɗe tana yi.

"Da mi kika wanke?"

Na faɗa mata duka, har tattakawar.

Na shirya wa zagi, na Hausa da na Zabarmanci. Matar da ta yi wata uku tana gaba da majemi saboda magana ɗaya. Ta miƙe a hankali, ta dafa gwiwa, ta ce, "Ba komi." Ta naɗe abin ta sauko da shi. Mahaifiyata ta dawo ta gan shi a ɗakin Gwaggo ta tambaya mene ne, Gwaggo ta ce shimfiɗa ta yi wa ƙasusuwanta, haka ake yi a bakin kogi. Mahaifiyata har ta yaba.

Da nan abin ya tsaya, da wataƙila na samu bakin magana. Amma kunya ta sa ni wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko. Na je kasuwa na sayo zaren saƙa na kanti, ƙulli goma sha biyu, fari tas, na zube a gabanta na ce ga madadi. Ta ɗauki ɗaya, ta tsinki bakin zaren, ta kai shi ga garwashin shayi. Ya narke ya dunƙule, yana warin leda. Ta tsinki nata ta ƙona, ya yi warin babbakar kan rago, ya zama toka.

"Wagga tinkiya taki ba ta taɓa cin ciyawa ba," ta ce.

Ni kuma, Allah ya sani, sai na ji haushi. Na ji haushin an ƙi kyautata, na ji haushin ba ta zage ni ba balle in huta. Na ce, "Haba Gwaggo, gashin matattun raguna ne fa. Abin da mutane ke zubarwa."

Ta kalle ni. "Haka ne," ta ce. "Ke kika yi lakwal."

Daga ranar ba ta sake ce mini ɗiyata ba, sai Likita. Ba ta daina amsa gaisuwata ba, ba ta daina ba ni dabino ba. Maganar haɗa zare ce dai ba ta sake tasowa ba, ni ma ban tayar ba. Bayan mako uku takardata ta fito, aka tura ni Tawa, na tafi ina jin kamar an kwance ni.

Abin da ya biyo baya kowa a gidan ya gani, bai dai san tushensa ba. Hanyar arewa ta lalace, ragunan suka yi wuya, wata Layyar fata ɗaya take samu, wata ko ɗaya. Tsohon masaƙin ya rasu, ƴaƴansa suka yi itacen girki da kayan saƙarsa. Ita kuma yanar ido ta rufe mata gani. Yaya ya bar tuƙi ya tafi haƙar zinariya, ya sayi bargon kasuwa mai hoton damisa, ya ce mata, "Inna, ki bar wahal da kanki, ga shi na samu." Ta shafa bargon ta ce yana da kyau.

Ni kuma duk shekara ina zuwa salla. Ina kawo mata maganin ido da man shafawa na gwiwa, abin da ya fi sauƙin bayarwa ke nan. In na shiga sai ta lalubo wannan shimfiɗar ta tura mini. "Zauna nan, Likita, ya fi taushi." Sau shida na zauna a kan laifina ina tambayarta ya ƙafa, ya ido. Har yau ban san ko ramuwa take yi ko karamci ba, kuma da Gwaggo zai iya zama duka biyun. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa, sai wani ya shigo, ko in ga tana cikin raha in ce kada in ɓata. Gaskiya ita ce girman kai ne, na san in na ce ta yafe mini dole in maimaita abin da na faɗa a kan matattun raguna.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, matar Yaya ta ja ni bayan ɗaki. Mace ce ta kirki, ita ta yi jinyar Gwaggo har ƙarshe, ta ɗauke ta ta ajiye ta ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Na tambaye ta ko Gwaggo ta ambace ni. Ta ce ta yafe wa kowa da kowa, kamar yadda ake yi. Na ce ni nake nufi, da sunana. Ta ce a'a, amma ta bar mini saƙo. Ta miƙo mazarin a naɗe cikin tsumma.

"Ta ce a ba Likita. Ta ce a hwaɗa miki, in za a haɗa biyu, a juya shi ta hannun da ba a saba ba. Ni dai ban gane ba, na riƙe miki yadda ta hwaɗi."

Na gane. Darasin da ya rage ke nan, cikin jimla ɗaya, bayan shekara shida. Na karɓi mazarin.

"Da kuma ɗan buhu," ta ce. "Tun da idonta ya tahi take tarawa, da lalube take askewa, ba ta bari kowa ya taɓa. Ta ce shi ma naki ne, ki koya da shi. Amma wallahi wari yake, ga baƙi cike da gida, ke kuma ma'aikaciyar likita, na ji kunyar in ba ki shi haka. Jiya na tafasa ruwa na wanke miki shi da sabulu, na cuɗa da kyau."

Ta ɗauko shi daga kan igiyar shanya. Faɗinsa bai wuce faifai ba, fari fes, a cure wuri guda. Na sa farce na nemi silli ɗaya. Na juya shi na sake nema.

Ba laifinta ba ne. Ta ina za ta sani? Mutum biyu ne a gidan nan suka san abin da ruwan zafi ke yi wa gashin tumaki. Ɗaya ta yi shiru don ta rufa mini asiri, ɗaya ta yi shiru don ta rufa wa kanta. Da na faɗi gaskiya ko sau ɗaya a tsakar gidan nan, da an yi mini dariya mako guda, da wannan buhun yana nan.

Matar Yaya tana kallon fuskata, murmushinta na raguwa. "Ko na yi ba daidai ba?"

Na ce, "Ba komai."

Da kaina na ji yadda ta fito. Ba yafiya ba ce, ba kuma ƙarya ba. Abin da mutum ke faɗa ne in ɓarna ta riga ta auku, kuma wanda ke gabansa ya yi abin ne don ƙauna. Shekara shida ina lallashin kaina da cewa ai ta ce ba komai.

Yaya, in an karanta maka wannan, ka sani mahaifiyarka ba ta mance da kai ba. Ta bi gidajen garin nan Layya biyar da buhu a kafaɗa ana yi mata dariya saboda sanyin da kake kwana a ciki. Shimfiɗar da ka ga tana salla a kai, bargonka ne. Yana ɗakinta, na hana a bayar da shi sadaka, ka ɗauka.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ya yafe mata faɗanta da zafin bakinta. Wannan na roƙa mata da zuciya ɗaya, kuma ina sa ran za a amsa. Ita dai ban san ko ta yafe mini ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.